Samanja Mazan Fama: Ɗan Sarkin Nufawan da Ya Shigo da Bariki Gidajen Arewa

A shekarun da soja suka yi suna juya Nijeriya, tun daga zamanin Janar Yakubu Gowon har zuwa na Janar Ibrahim Babangida, akwai wani mai kaki da mutanen Arewa suka fi gane muryarsa a kan ta gwamnonin jihohinsu. Bai taɓa karanta sanarwar juyin mulki ba, bai kuma taɓa sa hannu a dokar soja ba. In ya daka tsawa ta akwatin rediyo ko talabijin, maimakon a watse sai a ƙara matsowa, yara a gaba manya a baya. Sunansa na yanka Usman Baba Pategi, amma daga Sakkwato har Maiduguri ba wanda ke kiransa da wani suna in ba Samanja Mazan Fama ba.

Shi ya ƙago wasan barkwancin da ke ɗauke da wannan suna, shi ke tsara labarinsa, shi ne kuma tauraronsa. Wanda ya bi tarihin rayuwarsa zai ga yadda sana'ar ba da dariya ta taso daga dandali da kasuwa da ƙofar fada ta shiga ɗakin ɗaukar shiri, zai kuma ga yadda wani Banufe ya ɗauki Hausar da ake rainawa, wato ta bariki, ya mai da ita abin da kowa ke marmarin ji.

Ba da dariya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, tana da masu ita, tana da ƙa'idojinta. 'Yan kama sukan naɗa rawani su zauna kamar malamai, su ɗauko salon wa'azi, amma duk karatun a kan tuwo da miya da nama yake, jama'a na dariya suna ba su kuɗi. 'Yan gambara na bin kasuwanni da gangarsu, wannan ya jefa magana wancan ya cafe. A fada akwai wawan sarki, wanda aka yarje wa faɗin abin da bafade ba ya iya faɗa. A wasan gauta matan gidan sarauta ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa, a kalankuwa kuma samarin ƙauye ne ke naɗa wa junansu muƙamai bayan an kawar da amfanin gona. In azumi ya kai kwana goma sai 'yan tashe su fito. Ga kuma wasan da ke tsakanin al'ummu: Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, kowa ya yaɓa wa abokin wasansa magana, ba mai fushi. Abin da ya haɗa da yawa daga cikin waɗannan shi ne kwaikwayon mai iko a bainar jama'a, cikin iyakar da kowa ya sani. Wannan turba Samanja ya hau, sai dai mai ikon da ya zaɓa ba ya naɗa rawani, hular soja yake karkatawa.

Zuwan boko da rediyo ya buɗe wa sana'ar wata ƙofa. 'Yan makaranta suka fara wasan kwaikwayo a kan dakali, malamai irin su Malam Aminu Kano na rubuta musu. Motocin majigi na zagaya ƙauyuka da fina-finan wayar da kai irin su Baban Larai. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi kuwa an saurare su a rediyo kafin a buga su littafi. Sai ga talabijin. Ibadan ce ta fara a 1959, Inugu ta biyo baya a 1960, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello kuma ta buɗe tata a Kaduna a 1962, a ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa, BCNN, wanda aka kafa da haɗin gwiwar wasu kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI.

Ita Granada ɗin ba ta daɗe da gama cin kasuwar wani wasan barkwanci a Ingila ba, mai suna The Army Game, wanda ta nuna daga 1957 zuwa 1961, labarin wasu ragwayen kurata da samanjan da ke fama da su. Turawa sun daɗe da gane cewa bariki gona ce mai albarka ga mai neman abin dariya, kuma waɗanda suka fi cin amfaninta su ne waɗanda suka taɓa sa kakin. Spike Milligan, marubucin The Goon Show na rediyon BBC, sojan igwa ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Jimmy Perry ya shiga rundunar tsaron gida yana saurayi, daga baya aka tura shi Indiya da Bama, kuma daga abin da ya gani da idonsa ne shi da David Croft suka rubuta Dad's Army, wanda BBC ta nuna daga 1968 zuwa 1977. Irin wannan hanya Usman Baba Pategi ya bi shi ma, a tasa ƙasar, da nasa yaƙin.

An haife shi a 1942 a Pategi, garin Nufawa da ke bakin kogin Kwara, kusa da inda kogin Kaduna ke zubowa, a cikin jihar Kwara ta yau. Gari ne na masunta da manoman shinkafa, wanda ya yi suna da bikin tseren kwalekwale. Usman ɗan gidan sarauta ne: mahaifinsa, Etsu Usman Patako, ya yi sarautar Pategi, gidan da ke jan salsalarsa zuwa ga Tsoede, wanda ya kafa daular Nupe. Ya yi firamare a gida, ya wuce makarantar midil ta Ilori, daga nan ya tafi Kaduna wajen wani ɗan'uwan iyayensa. Ya taɓa aiki a ma'aikatar ayyuka kafin ya samu shiga gidan rediyo.

Kadunar da ya tarar hedikwatar Jihar Arewa ce baki ɗaya, garin ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa da na masaƙa, ga barikokin soja da na 'yan sanda. Kusan kowa a garin baƙo ne. Bagwari da Tibi da Babarbare da Idoma da Banufe suna haya a gida ɗaya, suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya, kuma da Hausa suke gaisawa, kowa da irin tasa. Yaron da ya tashi da Nufanci a baki ya samu kansa cikin wannan hayaniya ta harsuna, kunnensa na ɗaukar yadda kowace ƙabila ke lanƙwasa magana.

A watan Yulin 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, aka yi kira ga matasa su shiga soja. Usman ya ajiye aikinsa ya amsa kiran, aka ba shi horo a sashen sadarwa na soja a Apapa da ke Legas. Yaƙin ya sauya girman rundunar ƙwarai: sojan Nijeriya da ba su wuce kimanin 10,000 ba kafin a fara, sun kai wajen 250,000 lokacin da aka ajiye makamai a Janairun 1970. Ma'anar wannan ita ce da wuya a samu gari a Arewa da ba shi da ɗa ko suruki ko maƙwabci a cikin kaki. Da aka dawo daga fagen fama barikoki suka yi kaɗan, soja da yawa suka kama haya a cikin unguwanni. Farar hula ya fara haɗuwa da soja a tashar mota da layin asibiti da gidan haya, kuma ba kullum haɗuwar ke ƙarewa lafiya ba.

Alaƙar Hausa da aikin soja ta girmi Nijeriya kanta. A 1863 John Glover ya tara wasu 'yan tsirarun Hausawa a Legas ya kafa rundunar da ake kira da sunansa, wadda sojan Nijeriya ke lissafawa a matsayin tushensu. A 1897 aka ɗora wa Lugard aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, kuma shekara da shekaru Hausa ce harshen da hafsa Bature ke magana da kurata da shi, ko da kuwa kurtun Bazabarme ne ko Badakkare ko Tibi. Da wannan Hausa sojojin runduna ta 81 da ta 82 suka yi hira a dazukan Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Ko bayan da Turanci ya karɓe ba da umarni, Hausa ta ci gaba da zama harshen ɗakin kwana da na kasuwar bariki. A nan kalmomi irin su kofur da saje da samanja da fareti suka samu gindin zama, a nan kuma aka haifi abin da masana ke kira Barikanci.

Duk wanda ya zauna a bariki ya san dalilin da ya sa, cikin dukkan muƙaman soja, na samanja ya fi dacewa da wasa. Shi ne tsani tsakanin hafsoshi da ƙananan soja. Da sassafe yana tsaye a filin fareti, kakinsa ya sha sitaci da guga har yana iya tsayuwa da kansa, takalmi na ƙyalli, sanda a hammata. Yana bin layi yana duba maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa haɓa ya ga ko an yi aski, ya dubi bel. Kurtun da aka samu da laifi sai tsallen kwaɗo ko wani gwale-gwalen. Amma da ƙaramin laftanan ya ɓullo, ko da sa'an ɗansa ne, dole dattijon nan ya ƙame ya sara masa. Shi ke sasanta rigimar matan bariki a kan famfo da igiyar shanya, shi ke sanin wanda ya ci bashi da wanda ya kwana a waje. Mutum ne mai cikakken iko a kan na ƙasa da shi, marar ta cewa a gaban na sama, kuma da yamma zai koma ɗaki ya tarar da matsalar cefane kamar kowa.

Wannan mutum Usman Baba Pategi ya ɗauko ya kai gidan rediyo da talabijin na Kaduna a farkon shekarun 1970. Wasan na bin Samanja daga bakin aiki zuwa cikin gida, tare da matarsa Bariki da abokin tafiyarsa Mutuwa Dole. Samanja mutum ne mai cika baki da son a bi doka, mai saurin hawa, wanda ke ɗaukar kowace matsala kamar fareti, ya yi ta ba da oda a inda lallashi ake bukata. Abin dariyar na fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin girman da yake ba kansa da yadda al'amura ke juya masa. Duk da haka ba a nuna shi a matsayin mugu ba. Mai kallo kan gama dariya ya ga cewa mutumin da yake tsoro a kan titi shi ma yana jiran ƙarshen wata, shi ma ana yi masa faɗa a ofis.

Babban makaminsa shi ne harshe. Hausar bariki tana da alamominta da kowa ya sani. Ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, sai ka ji an ce “matana ya tafi kasuwa” ko “yarinya ya zo”. Haruffa masu lanƙwasa kan miƙe, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Ana tsoma kalmomin Turancin fareti a tsakiyar jimla, a yanke magana gajeru-gajeru kamar ana ba da umarni. Samanja ya ƙware wajen tsalle daga wannan Hausa zuwa Turancin buroka ya dawo cikin numfashi ɗaya, yana ƙara ƙarfin murya a daidai inda ya fi yin kuskure. Kafin shi, in an sa irin wannan Hausa a bakin ɗan wasa, galibi don a yi wa baƙo dariya ne na ɗan lokaci a wuce. Shi kuwa ya ba mai wannan harshe babbar kujera, labarin nasa ne, ta bakinsa ake jin komai. Kuma da yake shi kansa ba da Hausa ya fara magana a duniya ba, ba wanda zai ce izgili yake yi wa wasu.

Mutumin Maiduguri ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan irin wannan Hausa. Garin Barebari ne, fadar Shehun Borno, amma tun da jirgin ƙasa ya iso a 1964, aka mai da shi hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka kuma buɗe jami'a a 1975, baƙi suka yi ta kwararowa, Hausa ta zama harshen kasuwa da na tasha. A unguwa irin Wulari, inda Babur da Margi da Barebari da Ibo da mutanen Adamawa ke maƙwabtaka, yaro kan yi yaren gidansu da iyayensa, da ya fito ƙofar gida sai Hausa. Hausar nan tana da nata ɗanɗano, kuma kamar ta bariki, ba kasafai take tsayawa raba “ya” da “ta” ba. Ga kuma barikokin Maimalari da Giwa a cikin gari, matan soja na cefane a Kasuwar Litinin tare da kowa. Masu sauraro a irin waɗannan unguwanni sun ji a bakin Samanja wata Hausa mai kama da wadda suke yi da maƙwabtansu, tana fitowa daga gidan rediyon da ya saba da daidaitacciyar Hausar masu karanta labarai.

Yadda ake rubuta irin waɗannan wasanni ya sha bamban da na Ingila. Can marubuci kan zauna ya rubuta kowace kalma, a buga, a raba wa 'yan wasa su haddace. A tashoshin Arewa kuwa, abin da aka fi yi shi ne mai shirin ya zo da ƙashin bayan labari: ga matsalar wannan mako, ga wanda zai shigo da farko, ga inda rigima za ta tashi, ga yadda za a warware. Sai a zauna a tattauna, a gwada sau ɗaya ko biyu, a shiga ɗauka. Maganganun da kansu daga bakin 'yan wasa suke fitowa nan take. Wannan tsari na bukatar mutum mai kaifin kunne da saurin mayar da magana, irin baiwar 'yan gambara, yana kuma bukatar shugaba da ya san lokacin da zai ja wasa da lokacin da zai yanke shi. Saboda haka aikin Usman na marubuci ya fi zama a cikin kansa da bakinsa, ba a kan takarda ba. Wannan ne ya ba wasannin armashi, shi ne kuma ya sa in kaset ya ɓace, wasan ya tafi ke nan.

Zamanin ma ya taimaka masa. Kuɗin man fetur sun shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, aka yi ta sayen rediyo da babur da talabijin. A unguwa guda ana iya samun akwati ɗaya tak, baƙi da fari, a gidan wani ma'aikaci. In lokacin wasa ya yi sai a fito da shi tsakar gida a ɗora kan tebur, a shimfiɗa tabarmi, wani yaro ya riƙa juya eriya har hoto ya tsaya, waɗanda ba su samu wuri ba su leƙo ta kan katanga. Gwamnatocin jihohi sun kuma kafa gidajen kallo na jama'a a garuruwa. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin talabijin na ƙasar a ƙarƙashin hukumar NTA, daga baya gidan rediyon Kaduna kuma ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya. Haɗewar ta sa shirin da aka ɗauka a Kaduna na iya fitowa a Maiduguri da Jos da Legas. Da aka ɗora Samanja a kan shirye-shiryen ƙasa baki ɗaya, sai aka ƙara yawan buroka a cikinsa domin mutanen Kudu su fahimta, ya shiga sahun su Village Headmaster na Legas da The New Masquerade na Inugu, wanda James Iroha ya ƙago, Chika Okpala ke fitowa a matsayin Zebrudaya.

Sai an tuna yanayin lokacin kafin a gane nauyin abin da ya yi. A 1973 an yi wa ɗan jarida Minere Amakiri bulala aka kuma aske masa kai a Fatakwal saboda labarin da ya ɓata wa gwamnan soja rai. A Fabrairun 1977 soja suka far wa gidan Fela Anikulapo Kuti a Legas suka ƙone shi, bayan waƙar da ya yi yana zolayarsu. A 1984 dokar soja ta 4 ta kai 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor kurkuku. A cikin waɗannan shekaru ne wani mutum ke sa kaki a tashar gwamnati, mako bayan mako, jama'a na yi wa soja dariya. Gaskiya ne wasan yana da iyaka: bai taɓa janar-janar ba, bai kuma tambayi dalilin da ya sa soja ke mulki ba. Tsakanin samanja da kofur da matan bariki ya tsaya, kuma sau da yawa yakan ƙare da darasi a kan ɗa'a da zaman lafiya da farar hula. Irin iyakar da wawan sarki ya sani ce. Amma a cikin wannan iyaka ya yi aiki mai amfani, domin ya rage wa talaka fargabar kaki, ya kuma nuna wa mai kakin yadda jama'a ke ganinsa in ya wuce gona da iri. Su kansu sojan sun karɓe shi hannu bibbiyu, don sun san ɗan gida ne.

Bai kasance shi kaɗai a fage ba. A Kaduna akwai Yusuf Ladan, mai Zaman Duniya Iyawa Ne, da Ƙasimu Yero ɗan Zariya, wanda ya yi Karambana, ya fito a matsayin Gaga a Cock Crow at Dawn, ya kuma taka rawa a wasan talabijin na Magana Jari Ce. A Jos akwai Abdullahi Shu'aibu, Karkuzu na Bodara. A Kano Daudu Galadanci na zaman alƙali a Kuliya Manta Sabo, ga su Hankaka da Ɗan Magori. A Sakkwato ana kallon Idon Matambayi, ana dariyar Golobo. Kowane gari da nasa gwani da nasa karin harshe, kuma da yawansu ma'aikatan tasha ne ko masu wata sana'ar, wasan bai tara musu dukiya ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, kuɗin shirya wasanni ya ja baya a tashoshin gwamnati. A daidai lokacin na'urar bidiyo ta yaɗu. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, kasuwar fim ɗin Hausa ta buɗe, kuma barkwanci ya bi ta. Wanda ya gaji kujerar a wannan sabon zamani shi ne Rabilu Musa Ɗan Ibro, mutumin Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, wanda shi ma ya taɓa sa kaki a matsayin gandiroba. Ibro ya yi ta shiga rigar mutane iri-iri, yau ɗan sanda gobe direba jibi boka, yana kwaikwayon harshen kowa, har zuwa rasuwarsa a Disambar 2014. Bambancin shi ne Ibro kasuwa yake yi wa wasa, kaset ya sayu ko ya kwanta, alhali su Samanja tasha ce ke ɗaukar nauyinsu, ita ke kuma shata musu layi. Daga baya wasanni masu dogon zango suka dawo ta Arewa24, wadda ta fara a 2014, da su Daɗin Kowa da Gidan Badamasi, yanzu kuma ga matasa na yin gajerun barkwanci a waya. Duk ɗan wasan da ya sa kakin soja ko na ɗan sanda ya karkata hula ya fara haɗa Hausa da buroka, a kan sawun Samanja yake tafiya, ko ya sani ko bai sani ba.

Shi kuwa Usman Baba Pategi, duk da yana da haƙƙin neman sarautar gidansu, bai bi ta ba. Ya bar wa 'yan'uwansa, ya ci gaba da zama a Kaduna, garin da ya yi suna a cikinsa. Ya yi fama da doguwar jinya a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023. Ƙasimu Yero ya riga shi a Satumbar 2017, Karkuzu ya bi bayansa a 2025. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Abin da ya rage shi ne aikin da suka bari, kuma a nan akwai abin damuwa. A zamaninsu kaset na da tsada, tashoshi a ko'ina cikin duniya kan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa. BBC ma ta yi haka har zuwa ƙarshen shekarun 1970, shi ya sa har yau akwai kashi uku na Dad's Army da ba a samu hotunansu ba, duk da cigiyar da aka yi ta yi. Amma can akwai rubutaccen wasan a ajiye, har an sake ɗaukar waɗancan ukun da sababbin 'yan wasa a 2019. Wasannin su Samanja kuwa a baki aka yi su, zafi da ƙura kuma ba sa barin kaset ya daɗe. Abin da matasa ke gani a intanet yau gutsattsari ne, hoto dishi-dishi.

Waɗannan kaset-kaset tarihi ne na yadda aka yi magana, aka yi ado, aka zauna da juna a Arewa bayan yaƙin basasa. Maiduguri, wadda tun 2009 take kwana tana tashi da shingayen soja, ta fi kowane gari sanin muhimmancin fahimtar juna tsakanin mai kaki da farar hula, kuma 'ya'yanta sun cancanci su ga yadda wani tsohon soja ya yi wannan aiki da dariya. Ya kamata NTA Kaduna da Rediyon Tarayya na Kaduna su buɗe ɗakunan ajiyarsu, su haɗa hannu da cibiyar tarihi ta Gidan Arewa da sassan nazarin Hausa da wasan kwaikwayo na jami'o'in Zariya da Kano da Maiduguri, a juye abin da ya saura zuwa kwamfuta, a kuma ɗauki hira da abokan aikinsa da ke raye. Mai karatu kuma, in akwai tsohon kaset na Samanja a akwatin mahaifinka, kada ka zubar, ka kai shi inda za a juye shi tun bai lalace ba.